Shekarar Baƙin Tumuku

Na ji abin da kuke faɗa a kan kakanku, kada ku yi tsammanin don idona ya yi rauni kunnena ma ya bi shi. Kuna cewa ya bar gona da mata da jariri ya shiga duniya neman abin da ake dafa wa yara, har ɗansa ya mutu ba ya nan. Wasunku da dariya suke faɗa, wasu kuwa ko sunansa ba sa son a ambata. Ban ga laifinku ba. A bakin Gwaggo Kande, yayarsa, maganar ta fito, Allah ya jiƙanta, ita kuwa in ta ɗauki magana sai ta kai ta inda ba a aike ta ba. Duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Shi ya sa na ce a zauna a rubuta yadda aka yi, wanda zai yi dariya bayan nan ya yi da saninsa.

Ƙauyenmu a bakin fadama yake, tsakanin Maska da Danja, tun Nasara ba su zo ba, tun Funtuwa ba ta zama abin da kuke gani ba. Baba yana noman gero da dawa kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi lawur ne, wanda ku yaran yanzu kuke ce wa dankali don ku yi kama da Kanawa. Lawur ba a ajiye 'ya'yansa don iri. In an haƙe sai a cinye ko a kai kasuwa, yaɗon shi ne iri. A yanke shi a dasa a fadama, a yi ta ba shi ruwa da jigo, itacen nan na ɗiban ruwa, har rani ya wuce, ruwa na sauka a yayyanka a kai kan kunya. Haka Baba ya gani wurin ubansa, haka duk ƙauyen suke yi, ba wanda ya taɓa tunanin akwai wata hanya. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya same mu daga nan ya fito.

Inna kuwa, mahaifiyata, ba haihuwar ƙasar nan ba ce. Kamo ta aka yi tana 'yar ƙarama daga wasu duwatsu can kudu, aka yi ta wucewa da ita hannu zuwa hannu har ta faɗo gidan kakana, aka sa mata suna Alheri. Ba ta san sunan garinsu ba, ba ta san ƙabilarsu ba, harshensu ma ya zube mata tun kafin ta yi wayo. Da kakana ya rasu ta faɗo cikin rabon gadon Baba. Maimakon ya riƙe ta baiwa sai ya tara shaidu ya 'yanta ta, ya aure ta aure na sadaki. Gwaggo Kande ba ta yafe masa wannan ba har ta koma ga Allah. Ni ce 'yar fari, sunana Dije, bayana kuwa an yi ta haihuwa ba sa zama. Abin da ya fi ba ni tausayi ina yarinya shi ne in kaka ta yi, matan unguwa su ɗaura kaya a ka su ce za su ganin gida. Inna sai ta raka su har bakin hanya, ta ce su gai da mutanen gida, ta dawo ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar inda ta riga ta share.

Wata kaka, na fara zama budurwa, muka je kasuwar Danja ni da ita da kwandon lawur, don a lokacin kulle na matan malamai da attajirai ne, mu ba mu san shi ba. Kasuwar kaka ba ta da na biyu. Ga masu nono a gindin tsamiya, ga masu daddawa da za ka san layinsu tun ba ka gan su ba, ga kanwa da gishiri a hannun fatake, ga mahauta suna ihu kamar wani ya ce ba zai saya ba. A can ƙarshe, inda rumfuna suka ƙare, nan Maguzawa suke baje kayan cikin ƙasa: gwaza, doya, rizga mai kamar yatsu, gujiya, da tumuku fari da ja. Mun san tumuku a kasuwa, mukan saya a dafa mana da yaji, amma ba wanda ke noma shi a ƙauyenmu. Muna cikin wucewa sai na ji Inna ta tsaya cik, har na buge ta da kwando. A gaban wata tsohuwa Bamaguza akwai 'yar ƙwarya cike da wani tumuku ƙanana, baƙi ƙirin kamar kashin awaki, wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Inna ta durƙusa ba sallama, ta ɗauki ɗaya, ta kankare da farce, ta kai hanci. Sai wata kalma ta fito daga bakinta wadda ba Hausa ba. Yadda kunnena ya kama ta, afyat ta ce.

"Mi kika ce, ɗiyata?" in ji tsohuwar.

"Afyat," Inna ta sake cewa. "Iya, don Allah ina kika samo wanga?"

"Mu dai baƙin tumuku muke ce mishi. Wani maƙeri baƙo ne ya sauka gidanmu tun ina da ƙarfina, daga kudu ya hito, shi ya bar muna. Ya daɗe da mutuwa. Ba a ma son shi, ɗiyata, ƙanana ne, ga ɗan ɗaci."

"Wane gari ne nasu?"

"Wa ya tambaye shi? Baƙo ne."

Inna ta ture mata kwandon lawur ɗinmu gaba ɗaya, ta ce ta ɗauka ta ba ta ƙwaryar. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi hawayen da ke ɗiga a kan kayanta, ta ce in don ci ne za su yi ciniki, in kuwa don shuka ne su a gidansu ba sa karɓar komai a kan iri. Ta juye mata a bakin zane. A hanyar komawa, sai da muka hango rimin ƙauyenmu sannan Inna ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, ta tuna wani faffaɗan dutse, da wata mace tana murza wannan abu da yashi da ruwa don ɓawon ya fita, da warwaron ƙarfe a hannun macen yana ƙara. Fuskar ba ta zo mata ba. Amma ta ce ta san uwarta ce, kuma kalmar nan a bakinta ta ji ta. Duk abin da ya rage mata na gidansu ke nan, kalma ɗaya da abin da ke ƙulle a bakin zanenta.

Ko ɗaya ba ta ci ba. Ta samo tukunya ta zuba busasshen yashi da toka, ta binne su a ciki, ta tura ƙarƙashin gado, suka yi rani a nan. Ruwa na sauka ta yi 'yan kunyoyi a bayan ɗakinta ta shuka. Baba ya ga tana binne 'ya'yan, bai yi mamaki ba, don ko lawur in mutum ba shi da yaɗo yakan binne ɗan ya tsiro ya ba shi yaɗo. Shi a ganinsa da zarar yaɗo ya samu an gama. Da kansa ya kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, yana tsokanarta wai ga gonar sarauniya. Abin kuwa ya yi kyau, ya yaɗu ya rufe ƙasa, ganyensa in ka murza yana da wani ƙamshi mai shiga hanci. A daminar nan Inna tana da ciki. Da yamma sai ta zauna bakin kunyoyin da ganye a hannu tana shinshina, wani lokaci in ji tana maimaita kalmar a hankali kamar mai kiran wani. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na wannan damina ba, kuma ban sake gani ba.

Haihuwar ta zo daidai kaka, ta zo da wuya. Namiji ne, lafiyayye, amma Inna ta kwanta da zazzaɓi, ko tashi zaune sai an kama ta. Kun san al'ada, in mace ta haihu danginta kan kawo gara, kayan abinci a ƙore da akusa, a shigo da su da guɗa kowa ya gani. A duk haihuwar da Inna ta yi ba a taɓa shigo da ko ƙoƙo ba, waye zai kawo? Ana saura kwana kaɗan suna, Gwaggo Kande tana tsakar gida tana tankaɗe, mata sun taru, ta ɗaga murya don na ɗaki ya ji.

"Ku gyara hanya fa, gara na nan tahe. Daga kan dutse za a mirgino ta."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Baba yana bakin rumbu, ya ji. Mutum ne marar yawan magana, in abu ya ɓata masa rai sai kunnuwansa su yi ta motsi. Ana gobe suna ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan ɗaki ya haƙe tumukun nan kakaf. Ya zaɓi yaɗon da ke da sauran kore, ya kai fadama, ya dasa a wuri mafi kyau kusa da jigo, ya ba shi ruwa. 'Ya'yan kuwa ya kai gidan maƙwabta ya ce a dafa a ɓoye. Ni ma ina cikin masu kankarewa, a nan na ga cikinsa rawaya ne kamar man shanu. Ban ga wani abin tsoro ba, 'yar mai lawur ce ni, abin da na sani shi ne iri yana fadama.

Ranar suna, bayan an yanka rago an raɗa wa yaro suna Habu, mata sun cika gida, sai aka ji guɗa daga waje. Matan maƙwabta suka shigo a jere da akusa a ka, an zuba man shanu da yaji, ƙamshi ya cika gidan. Baba ya tsaya a bakin zaure, shi da ba ya ɗaga murya, ya ce yadda kowa zai ji:

"Ga gara daga gidan su Alheri."

Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Gida ya ɗauki guɗa, tsofaffi na share hawaye, aka yi ta wawaso ana cewa a ɗanɗana abincin garinsu mai jego. Gwaggo Kande ta ce ita ba ta cin abincin arna, ta juya baya. Baba bai kai ko ɗaya bakinsa ba, nasa rabon ya haɗa da na Inna ya ce in kai mata. Na shiga da akushi ina murna, na buɗe a gabanta. Ta daɗe tana kallo.

"Ke, duka aka haƙe?"

"Duka, Inna."

"An bar na tukunya?"

"Wace tukunya?"

Baba ya biyo ni, yana tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa cike da fara'a kamar yaron da aka ɗinka wa riga. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, Alheri. Iri shina fadama, da hannuna na dasa. Baɗi sai kin rasa inda za ki zuba."

Inna ta dube shi. Na ga bakinta ya buɗe, ya rufe. Sannan ta ce, "Madalla, Maigida. Allah shi saka da alheri, ka fid da ni kunya."

Ta ci, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, hawaye na zuba cikin akushin, ba ta bar ko ɓarɓashi ba. Mata suka ce kukan daɗi ne, ni ma haka na ɗauka. Kashegari da sassafe ta raɗa mini in je in tona kunyoyin ko an manta da wani. Na je na tarar yaran unguwa sun riga ni, sun yi kala kamar yadda ake yi a kowace gona bayan an kwashe, sun gasa sun cinye. Na tona har farcena ya yi jini, ban samu ko ɗaya ba.

Yaɗon fadama ya fara yin rawaya tun kafin Inna ta gama wankan jego. Baba ya ƙara ruwa, ya rage ruwa, ya zuba taki, ya yi masa inuwa da zana, ya cire wani ya canza masa wuri. Lawur ɗinsa a gefe yana ta sheƙi, wannan kuwa kullum baya yake yi. Da ganye na ƙarshe ya bushe ya tsinko shi ya shigo gida da shi a tafin hannu, ya tarar da Inna tana ba Habu nono. Ina wurin ina daka.

"Alheri, na yi duk abin da na sani. Ko wurin ne bai karɓe shi ba?"

"Ba wurin ba ne, Maigida. Shi wanga ba a yaɗo yake rayuwa ba. In ya yi 'ya'ya uwar mutuwa take yi. 'Ya'yan su ne iri."

Na daina dakan, na dubi Baba. Ya ce, "Mi ya hana ki gaya mini?"

"Ranar da na gani an riga an dafa."

"Kafin nan fa? Duk damina muna tare."

"Ni ban san akwai wanda bai sani ba."

Ya zauna a kan wani kifaffen turmi, ya dubi busasshen ganyen. Ya ce, "Ashe uwarki na dafa na raba ma mutane." Inna ta ce ya daina faɗin haka, abinci ne, an ci ya wuce. Amma daga ranar Baba bai ƙara zama mutumin da muka sani ba.

Ya fara da kasuwar Danja, da ni, don ni na san fuskar tsohuwar. Ba ta nan. Muka yi ta tambaya har aka kwatanta mana gidansu a wajen Malumfashi, ya je shi kaɗai. Ta rasu tun cikin damina, surukanta sun dafe abin da ta bari, ba wanda ya ga amfanin ajiye abu mai ɗaci. Daga nan ya shiga bin kasuwanni, Bakori, Maska, Malumfashi, har Musawa, duk ranar da kasuwa ke ci yana ƙarshen rumfuna a durƙushe yana juya kayan mutane. Ya kawo fari, ya kawo ja, ya kawo wani mai dabbare-dabbare, ya kawo wata rizga mai duhu. Duk wanda ya kawo Inna ta duba ta girgiza kai, ta ce ya bari haka nan. Masu kasuwa suka gane shi, suna hango shi sai su fara kiran baƙi ko ja. Wani ɗan banza a Bakori har ya shafa wa farin tumuku gawayi ya ba shi. Baba ya iso gida da gudu-gudu, Inna ta zuba a ruwa, ruwan ya yi baƙi, tumuku ya fito fari fat. Ita da kanta sai da ta yi dariya. Shi bai yi ba.

Da bazara ta kama, wani ayarin fatake masu kanwa ya sauka a zangon Maska za su kudu, bayan Zazzau, ƙasar duwatsu. Baba ya ce zai bi su. Gwaggo Kande ta zo ta tsaya a tsakar gida ta yi masa tas, ta ce an shanye shi, ta ce wane namiji ne ke barin gona ana jiran ruwa saboda kwaɗayin baiwa. Inna ta jira ta fita, sannan ta durƙusa gabansa.

"Don girman Allah kada ka tahi. Na yi shekaru ba ni da shi ban mutu ba."

"Da ba ki da shi ba ni na raba ki da shi ba."

"Na yafe, Maigida. Wallahi na yafe."

"Na san kin yafe. Kafin a yi shuka ina nan."

Ya bar mana rumbu da sauran hatsi, ya roƙi maƙwabta su yi mana gayya in ya ɗan makara, ya ɗauki Habu ya ɗaga shi sama har yaron ya ƙyalƙyale, ya saɓi taikinsa, jakar fata da fatake ke zuba kaya, ya fita. Ba gudu ya yi ba, da rana tsaka ya tafi, kowa na gani.

Ruwa ya sauka bai dawo ba. Muka yi shuka ni da Inna, goyo a bayanta. Maƙwabta sun taimaka, ban hana musu ladansu ba, amma kowa sai ya gama tasa gonar yake waiwayar ta wani, ciyawa kuwa ba ta jira. Hatsi ya yi ƙasa, muka koma tafasa da rama. Cikin marka, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, ƙyanda ta shigo ƙauyen. Ta bi gida gida. Ta ɗauki ɗan maƙeri, ta ɗauki tagwayen liman, ta shiga gidan Gwaggo Kande kanta ta ɗauki jikarta. Duk waɗannan iyayensu maza suna gida, rumbunansu cike. Habu ya fara rarrafe, ya yi haƙora na ƙasa, yana kama zanena ya miƙe. Bai yi jinya mai tsawo ba. Maƙwabta suka naɗe shi a 'yar tabarma suka kai shi, Inna ta zauna a ɗaki nono na zuba ya jiƙa mata zane. Ƙyanda ce ta kashe ƙanena da ikon Allah, ba tafiyar Baba ba. Wanda ya sake cewa ubansa ne ya kashe shi, ban yafe masa ba.

Sai da aka fara yankan dawa ya dawo. Da la'asar ne, ina shanya a ƙofar gida, na hango wani tsoho yana dogara sanda, ƙafafunsa naɗe da tsummoki, ƙuda na bin sa. Sai da ya kira sunana na gane shi. Kurkunu ne ya kama shi a ƙafa biyu can bayan Zazzau, ayari ya bar shi a wani ƙauyen kan dutse, wurin mutanen da ba ya jin harshensu. Su suka yi jinyarsa duk damina. Ya yi ta ce musu afyat, suna dariya, ba su san kalmar ba. Da kaka ta yi ya ga suna haƙo wani tumuku baƙi, ya yi musu saƙar tabarmi suka cika masa taiki, ya kamo hanya yana jan ƙafa. Kafin in buɗe baki Gwaggo Kande ta fito daga zaure, kamar jiransa take.

"Sannu da zuwa, sarkin fatake. Ɗanka dai shina cikin ƙasa tun marka. Sai ka shiga ka dafa abin da ka samo ku ci."

Baba ya jingina da bango, ya zame har ƙasa. Bai yi kuka ba, bakinsa kawai ke motsi da salati. Ya daɗe a nan. Sannan ya kama sanda ya miƙe, ya shiga gida, ya tarar da Inna a ƙofar ɗakinta ta miƙe tsaye. Ba su gaisa ba. Ya sauke taikin a gabanta, ya kwance bakin, ya koma gefe ya tsuguna kamar wanda ke jiran hukunci. Inna ta dubi ƙafafunsa, ta dubi taikin. Ta sa hannu ta ɗauko ɗaya. Baƙi ne, ƙarami, ba shi da maraba da wancan a ido. Ta kankare da farce. Ina tsaye a kafaɗarta, na ga abin da ta gani. Cikinsa fari ne. Ta rufe wurin da babban yatsa, ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Shi ne, Maigida."

"Alheri, duba da kyau."

"Na duba. Shi ne."

A nan ne ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya kifa kansa a kan taikin. Inna ta ɗebo ruwan ɗumi ta zauna ta fara kwance masa tsummokin ƙafa. Da muka keɓe a madafa na kasa haƙuri.

"Inna, wancan fa cikinsa rawaya ne."

Ta juyo ta dube ni da idon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Ke kika yi tahiyar? Ke kika binne ɗa? In na ce ba shi ba ne, mi ya rage mishi?" Ta mayar da kai ga wuta. "Abin da kika gani ki haɗiye shi."

Na haɗiye. Shekarar mun sha wuya, geron da muka samu bai kai mu bazara ba, sai da Baba ya yi ta ƙodago a gonakin mutane da ƙafar da ba ta gama warkewa ba, ɗingishin kuwa bai rabu da shi ba har ƙarshe. Tumukun ya karɓi ƙasarmu. Kowace kaka Baba da kansa yake zaɓen na iri tun kafin a taɓa na ci, shi yake tankaɗe toka, shi yake rufe tukunya, ba ya yarda ko Inna ta sa hannu. Tana dafawa, tana ci, tana yaba masa. Amma ban ƙara ganinta zaune bakin kunya tana shinshinar ganye ba. Ta rayu har ta ga aurena, ta goyi babbanku, sannan ciwon ciki ya ɗauke ta. An binne ta a ƙasar da ba tata ba, ba ta san sunan uwarta ba, abu ɗaya da ya zo mata daga gida sau ɗaya ta ci shi. Wannan baƙin ciki yana nan a ƙirjina, tsufa bai rage shi ba.

Baba ya daɗe bayanta. Da ƙarfinsa ya ƙare na ɗauko shi na dawo da shi gidana. A kakarsa ta ƙarshe ba ya iya fita, idonsa ya tafi, na dafa masa tumukun na kai masa da hantsi. Ya ɗauki ɗaya yana juya shi a yatsu, bai ci ba.

"Dije."

"Na'am, Baba."

"Tun ranar da na kawo shi, uwarki ba ta taɓa kiran shi da sunan nan nasu ba. Ko sau ɗaya. Na yi ta saurare." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. "Ke kin ga na farko. Shi ne dai ko?"

Na dubi cikin tumukun da ya fashe a hannunsa, fari fat, na dubi tabon kurkunu a ƙafafunsa.

"Shi ne, Baba."

Can ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya mayar da tumukun cikin akushi, ya ce in rufe zai ci an jima, ya juya fuskarsa bango. Bai sake tambayata ba, har yau kuma ban san ko ya yarda ba.